Kawu da Notin Motar Zurmi

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi, ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika sati biyu ba. Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya koya mini kanikanci, a garejinsa na Kaura Namoda na yi gemu. Kafin azahar layinmu ya cika ya batse. Motocin haya suka jeru tun daga bakin gareji har ƙofar masallaci, direbobi suka ce yau ba lodi, fasinja ya yi haƙuri. Masu faci suka zo, masu walda suka zo. Har mai kunun zaƙin da Kawu ya shekara ashirin yana yi wa tsiya, wai ruwa ya fi geronta yawa, ta shiga cikin mata ta zauna tana kuka kamar ubanta ne ya tafi.

Washegari mutanen Shinkafi da na Zurmi suka iso da sassafe, suna gaisuwa suna duban rana, don kowa ya san ba a yi wa hanyar nan sakaci bayan la'asar. Wani dattijon Bafulatani ya zo daga ruga da sandarsa, bai san kowa cikinmu ba. Ya durƙusa ya daɗe yana addu'a da Fulatanci, sannan ya ce shekarun baya motar da ta ɗauko matarsa zuwa asibiti ta mutu a daji, Kawu ne ya tsaya ya tashe ta. Inna, mahaifiyata, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki rigar aikinsa mai baƙin mai ta ɗora bisa cinya, ta hana kowa ya wanke.

Ni ke karɓar gaisuwa a waje, domin 'ya'ya mata Allah ya ba Kawu, ni na tashi a hannunsa matsayin ɗa. A nan wani babba cikin direbobin tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Wallahi ƙasar ga ba a yi bakanike kamatai ba. In ban da motar Zurmi, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. To, ɗan Adam ajizi na, tsuhwa kuwa ba ta da magani. Kai dai ka hi shi kula."

Sau uku na ji irin maganar nan cikin kwana biyu, kowane lokaci ina cewa amin kamar munafuki. To, munafukin ne. Kuskuren motar Zurmi ba na Kawu ba ne, nawa ne. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da shi, ya shiga kabari da shi, ni kuwa ina zaune bisa tabarma ana ba ni haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ina so a san wane ne mutumin nan, kuma ina so in sauke masa kayan da ba nasa ba.

Kawu bai taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifinsu aka sa mini. Babana yake ce mini, ko yana fushi. Za ka ji ya ɗaga murya, "Babana, wane irin shashanci na wanga?" sai duk gareji a kwashe da dariya, shi ma ya kasa riƙe fuska. Kakan nan nawa maƙeri ne, kuma Kawu ya gado shi a hannu da kunne. Mota tana shigowa, tun ba a kashe ta ba, zai karkata kai ya faɗi ciwonta. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yana da wata tsohuwar hula da ta rine da mai har ba a sanin launinta na asali. Ba ya cin abinci sai ya wanke hannu da toka da sabulu sau biyu, ya ce ba a haɗa arzikin Allah da ƙazantar inji. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne guduma a hannun mai gaggawa. In ya ga ka ɗauko ta, sai ya ce, "Aje. Guduma ba ta da ido. Ƙarhen da ya ƙi shiga magana shika yi maka, kai na ba ka ji ba."

Kowane gyara yana yinsa yana hira, yana tsokanar masu wucewa, ban da guda ɗaya. Aikin sitiyari. A nan Kawu yakan koma wani mutum dabam. Yakan ce, "Inji in ya mutu, mota tsayawa takai. Sitiyari in ya mutu, mota tahiya takai."

Wanda bai san mota ba, bari in gaya masa. Sitiyarin da direba ke riƙewa yana kan wata doguwar sandar ƙarfe ce, da ta gangara ta ƙarƙashi har wajen ƙafafun direba, kusa da birki. A can ƙasa tana da wata gwiwa mai baki, bakin yana haɗiye kan wani ƙarfe mai haƙora wanda shi ke juya tayoyi. Noti ɗaya tak ke matse bakin nan. Cire sandar ba wuya, ko mai gyaran keke ya cire. Mayar da ita ce ke nuna bakanike. Kafin Kawu ya kwance komai sai ya daidaita tayoyi sun miƙe sak, ya ɗaure sitiyarin da igiya a ƙafar kujera don kada ya juya, ya ja layin alli a inda haƙoran suka haɗu. In ya gama mayarwa ya matse notin nan na ƙasa, sai ya tsoma tsinke cikin farin fenti ya ɗiga masa a ka. Ɗigon nan shi ne shaidar sufana ta taɓa shi.

Akwai shekarar da wani ya buɗe gareji tsallaken titi, yana cika baki wai shi a birni ya koyo aiki, mu namu kanikancin ƙauye ne. Ni dai haushinsa nake ji kamar in mutu. Ranar nan aka kawo masa motar wani Alhaji mai sayen hatsi, ya cire sandar sitiyari, wajen mayarwa ta ce ba ta san zancen ba. Tun safe muke jin ƙarar guduma. Da ƙyar ya tura ta ta shiga, aka tada mota, sai ga sitiyari a karkace, ya yi tauri kamar ana murɗa dutsen niƙa, mota tana shan kwanar dama da kyau amma ta hagu sai rabi, in an danna oda kuma shiru. Alhaji ya fara ɗaga murya, mutane suka fara taruwa. Na ce, "Kawu, yau birni ya sha ƙasa." Ya harare ni, ya goge hannu, ya tsallaka titi kamar mai zuwa aron sufana.

Ya ce wa mai motar, "Alhaji, an kusa kiran azahar. Tahi ka yi salla ka ci abinci, aikin ga ba a yi mai tsaye a ka." Da ya tafi sai Kawu ya shiga motar, ya sa mai garejin ya duƙa kusa da shi. Ya sassauta notunan sama da ke riƙe da sandar, ya ce tun farko ba a matse sama sai ƙasa ta zauna, shi ya sa ta yi tauri, an tilasta mata kwanciyar da ba tata ba. Ya zare gwiwar, ya goge tsatsar haƙoran da burushin waya, ya gyara inda guduma ta daddage. Sannan ya juya tayoyi har ƙarshen dama, ya juya har ƙarshen hagu yana ƙirgawa, ya raba biyu, ya ce nan ne tsakiya, an tsallake haƙori biyu. Da hannu kawai ya tura, gwiwar ta shige kamar an kira ta. Odar kuwa, wata siririyar waya ce da ke naɗe cikin kan sitiyari ta tsinke, saboda an bar shi yana wulwulawa lokacin da yake a kwance. Ya dawo garejinmu da kansa ya ɗauko wata a aljihun tebur. Kafin Alhaji ya dawo Kawu yana kan bencinsa yana shan kunu. Da mai motar ya zo wucewa sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Alhaji, ka samu bakanike, ka riƙe shi."

Na ce, "Haba Kawu! Mutumin da ke zaginmu?" Ya ce, "Yana da iyali, Babana. Sunan mai sana'a shi na gonatai."

Amma fa mutumin nan mai sauƙin kai yana da doka guda da ta jawo masa baƙin jini. In yana ɗaure notin ƙasan sitiyari, ba ya amsa sallama. Aikin a kwance ake yinsa, rigingine, kanka yana ƙarƙashi wajen birki, ƙafafunka ne kawai a waje ta ƙofa. Ko wane ne kai, sai dai ka yi wa ƙafafun Kawu sallama ka jira. In ya matse ya ɗiga fentinsa, sai ya fito ya amsa maka duk sallamar da ka yi, ɗaya bayan ɗaya, in uku ka yi ka samu uku. Mutane suna cewa girman kai ne, wasu su ce ina ya samo wannan a addini.

Babban wan su Inna, Kawu Babba, da ke zaune a Shinkafi, ya taɓa faɗawa tarkon nan. Ya zo takanas da babbar riga, ya yi sallama sau uku, shiru. Ya juya ya koma tasha, ya rantse ba zai ƙara taka gidan ƙanen da ya raina shi gaban jama'a ba. Salla biyu aka yi ba sa ga maciji. Inna ta yi zarya tsakanin Kaura da Shinkafi har ta gaji, ta ce wa Kawu, "Yaya, kai ne ƙarami, ka tahi ka ba shi haƙuri, ko don uwar da ta haihe ku." Ya sayi goro ya tafi, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce, "Yaya, na yi laihi, ka yahe mini." Kawu Babba ya huce, har ya sa a kawo fura. Sai Kawu ya ƙara da cewa, "Amma gobe ma in ka iske ni ƙarƙashin sitiyari ba ni amsawa. Sallamarka tana jira na. Notin ga in na bar shi, ba ya kira na in dawo." Inna ta ce saura kaɗan a sake sabon faɗa, Allah dai ya sa dariya ta ƙwace wa babban.

Ni ma ina cikin masu ganin abin ya yi yawa. Ban taɓa faɗa masa ba, amma a raina ina cewa tsoho da tsaurin ra'ayi. To, ga yadda na koyi darasin, kuma ba ni na biya ba.

Lokacin na haura talatin, na ƙware, wata huɗu da aurena. Wani direba mutumin Zurmi, mai ƙaramar motar haya da ke jigila tsakanin Kaura da garinsu, ya kawo motarsa sitiyari yana ƙara. Gwiwar ce ta cinye. Ranar Kawu zai tafi Shinkafi duba wansa da ba shi da lafiya, sai ya ce, "Babana, ka canza mai, ka san hanya." Na daidaita tayoyi, na ɗaure igiya, na ja alli, komai yadda aka koya mini. Sabuwar gwiwa ta zauna daram. Na zura notin, na murɗa shi da yatsa har ya tsaya, na miƙa hannu zan ɗauko sufana, sai na ji sallama. Muryar surukina ce, mahaifin matata.

Kai! Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da na ji. Ga suruki tsaye, ga ni kwance na miƙe masa tafin ƙafa. Ban san lokacin da na fito ba, har na buga goshi da ƙofa. Na tuɓe takalmi na durƙusa, ina gaisuwa ido a ƙasa. Wucewa yake yi ya ce bari ya leƙo. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na yi masa rakiya har bakin titi. Ina dawowa aka kira azahar. Ana idarwa sai ga direban ya zo da sauri, fasinja suna jiransa a tasha. Na leƙa ƙasa na ga noti a mazauninsa, na juya sitiyari na ji lafiya lau, har na zagaya da motar ta bayan kasuwa. Ban nemi ɗigon fenti ba. Na mayar da murfi na ba shi makulli, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Kwana huɗu notin ya yi yana warwarewa da kaɗan kaɗan a ramukan hanya. Rana ta biyar, wajen Birnin Tsaba, sitiyari ya saki a hannun direban, yana juya shi tayoyi ba su ji. Motar ta daki kwalbati ta kife. Allah ya tsare rayuka, fasinja suka fita da ƙujewa da targaɗe. Shi kuwa ƙofa ta danne masa hannun dama. An yi magani har an gaji, hannun ya shanye, bai ƙara tuƙi ba.

Washegari da safe muka je wurin hatsarin, ni da Kawu. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashin sitiyarin, ya daɗe, sannan ya fito da notin a tafin hannunsa, a shimfiɗar ƙafa ya tsince shi. Lafiyarsa ƙalau, bai karye ba, bai cinye ba, babu fenti a kansa. Ya sa shi aljihu. Muka kamo hanya, sai da muka hango Kaura Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wa ya yi maka sallama?"

Na ce, "Surukina."

Ya gyaɗa kai kawai.

A tasha direbobi sun taru, rai a ɓace, ana ta hayaniya a nuna musu wanda ya taɓa motar. Kawu ya shiga tsakiyarsu ya cire hula ya ce, "Motar ga daga garejina ta hito. Alhakin yana kaina." Bai yi ƙarya ba, amma ya san yadda za su fahimta. Na buɗe baki zan yi magana, ya taka mini ƙafa. Da muka koma gareji ya ce, "Babana, ka yi shiru har zukata su huce. Ni na ci zamanina, kai yanzu ka soma, ga matarka da ciki. In sunka ji da surukinka cikin zancen, gida biyu za su ɓaci. In an kwana biyu sai mu tahi Zurmi tare, ka hwaɗa wa bawan Allah nan gaskiya."

Kwana biyu ya ce. Ni na mayar da su shekaru. Na ce sai matata ta haihu. Ta haihu, na ce sai bayan suna. Aka yi suna, na ce sai damina ta wuce. Sau biyu Kawu yana tuna mini. A na biyun, Allah ya yafe mini, na ce masa, "Kawu, ai magana ta mutu, a bar kaza cikin gashinta." Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya sunkuya ya ci gaba da goge fulogin da ke hannunsa. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Abin da ya fi cin raina shi ne, ni na ci ribar abin. Direbobi ba su daina zuwa garejin ba, wurina suka koma. "Tsoho shi huta, kai ka duba muna." Wani ma a kunnensa zai ce, "Don Allah kada tsoho shi taɓa min sitiyari, ina da ɗiya ƙanana." Ni kuma, ɗan halak, sai in ce to. Mutumin da ake kawo wa mota tun daga bakin iyaka ya koma zaman benci, yana wanke fulogi, yana gyaran fitila. Wani lokaci in ina kwance ƙarƙashin sitiyari nakan ga ƙafafunsa tsaye a bakin ƙofa, duk wanda ya zo da sallama ya tare shi ya amsa a madadina, ya ja shi gefe da hira har in fito. Ko sau ɗaya bai yi mini gori ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku kafin rasuwarsa na shiga ɗakinsa da la'asar, Inna ta fita ɗauko ruwa. Ya rame, numfashi yana yi masa wuya. Na durƙusa bakin gado na ce, "Kawu, maganar motar Zurmi." Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Tsakanina da kai babu komi, Babana, tun ranar na yahe. Wa ke riƙe ubanai a zuci? Amma ba ni ɗai ke da hakki ba." Na ce zan je. Ya lumshe ido. Ban je ba har ya cika.

Ranar addu'ar uku, bayan liman ya shafa fatiha mutane suna shirin tashi, na miƙe tsaye. Na faɗi komai, tun daga notin har taka ƙafar da aka yi mini a tasha. Surukina yana nan, ya tsufa sosai yanzu, ya rufe fuska da hannun riga yana cewa da ya sani da ya wuce abinsa. Na ce masa, "Baba, kai sallama ka yi, ba ka yi laifi ba." Babban direban nan ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Kai ko ka ci amana. Mun wulaƙanta dattijo saboda kai." Ya tafi bai ba ni hannu ba. Ban ga laifinsa ba.

Saura mutum guda, wanda bai zo jana'iza ba, bai zo gaisuwa ba. Washegari da safe na kama hanyar Zurmi. Na same shi bakin tasha, yana da ɗan tebur na goro da dabino, hannun daman yana rataye cikin riga. Ya gane ni. Ya amsa gaisuwata a daƙile, ya ce ya ji an yi rashi, Allah ya ba ni haƙuri, ni dai ba ruwana. Na durƙusa gaban teburin, cikin mutane, na ce, "Malam, da ruwana. Ni na ɗaura maka sitiyari ranar nan. Kawu yana Shinkafi, ko ganin aikin bai yi ba."

Ya ce, "Mi ka ce?"

Na maimaita, na ba shi labarin duka. Ya zauna bisa benci a hankali. Na zaci zagi zai biyo baya, ko mari da hannun da ya rage, kuma na shirya. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

Ya ce, "Ka san tsohon nan kowace Salla sai ya zo ƙohwar gidana? Ƙarama da babba, bai taɓa hwashi ba. Shi tsaya cikin rana, in aiko a ce ba ni nan. Shi aje nama da hatsi, in sa a mayar mai tasha. Bara na hito da kaina, na ce mai tsohon banza, wanda ya kashe ni da raina, kada shi sake taka min gida. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Kana da gaskiya, Allah shi ba ka haƙuri.' Da babbar Salla ya sake dawowa."

Mu duk shekarun nan muna zaton wajen dangin matarsa Kawu yake zuwa yawon Salla.

Ya share fuska ya ce, "Hannu na yahe maka, ƙaddara ta, ko ba kai ba abin da Allah ya rubuta sai ya same ni. Amma shekarun da ka bar ni ina zagin bawan Allah, wannan ba tawa ba ce balle in yahe. Mai ita yana ƙasa. Kai gaya min, wurin wa za ni in roƙa?"

Ya tashi ya rufe teburinsa da buhu, ya ce in kai shi Kaura. Muka iso kafin azahar, na nuna masa kabarin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya tsaya ya yi addu'a da ƙarfi, muryarsa tana karyewa: Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa haƙurinsa ya zame masa haske, ya sa ya yafe wa waɗanda suka zalunce shi da baki. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya ce amin. Hannu ɗaya ya ɗaga, ɗayan ba ya tashi. Ni da nake da biyu, ina tsaye bayansa, na kasa ɗaga ko guda.